Ki Ce Ma Wancan

Inna ba ta magana da yayana. Ba faɗa suka yi ba, ɗan fari ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta fi ta kowace mace da na sani a birnin Katsina. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a Ƙofar Durɓi, can ya girma, sai da tsohuwar ta rasu ya dawo gidanmu na Kambarawa, ya riga ya fara gemu. A bakin Inna sunanshi "wancan". Ranar da take cikin nishaɗi kuma ya zama "mutanen makaranta".

Gida kuwa ba ya tafiya sai da magana, sai aka mayar da ni baki. Yana zaune bisa tabarma, tana bakin murhu, tsakaninsu bai wuce a miƙa ludayi ba, sai ta ce mani, "Ki ce ma wancan tuwo na hucewa." In juya in ce, "Yaya, an ce tuwo na hucewa." Ya ce, "Ki ce na gode." In sake juyawa. Ni ba haƙuri gare ni ba, tun ina ƙarama an san ni da haka. Wani lokacin sai in ce, "Kai ma ai ka ji," in yi tafiyata, Inna ta bi ni da jifa da mafici. Amma dai ni ke kaiwa, ni ke kawowa, har na daina ganin abin a matsayin wani aiki.

Baba ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya ya gina ɗakin kaji a bayan gida, ya zuba masu ƙwai, da su muke ci muke sha. Shi ya zaɓa ma Yaya karatun kiwon dabbobi a jami'a, wai gida ya samu wanda ya san abin a ilimance. Bai ga ƙarshen karatun ba. Ya rasu Yaya na shekara ta biyu, ni ina gab da gama sakandare, ƙannenmu biyu suna firamare.

Bayan an share makoki mutane sun watse, wata safiya Yaya ya tsaya jikin randa ya ce mani in faɗa ma Inna shi ba ya komawa, zai zauna ya riƙe kajin. Inna na zaune cikin takaba tana tsintar wake. Ita ba ta iya shiga ɗakin kaji, asma gare ta, ƙurar wurin kaɗai ta isa ta kwantar da ita. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ki ce ma wancan ya koma ya ƙarasa. Ke ki riƙe kajin. In ya gama ya zo ya karɓa, ke ki tafi taki makarantar."

Na juya na faɗa mashi yadda aka faɗa, ban rage komai ba, don wannan saƙon da ni a ciki.

Ya ce, "Ki ce na ji. In Allah ya yarda ranar da na dawo, ranar za ta aje tsintsiya."

Na juya na faɗa mata. Ta ce Allah ya nuna mana. Mu uku ne a tsakar gidan, sai kajin da ke kuka a baya.

Makarantar da nake so ba ɓoyayya ba ce, kowa a gidan ya sani. Aikin jinya nake so in koya. Sakamakona ya fito da kyau, kemistiri da bayoloji su na fi ƙarfi a kai. Ƙawata da muke zama benci ɗaya, wadda nake koya ma lissafin kemistiri a bayan aji, ta tafi a shekarar. Ni na shiga ɗakin kaji.

Wanda bai yi kiwon kajin ƙwai ba gani yake hatsi ake watsa masu a juya. Kaji ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba. Kana idar da sallar asuba suna jiranka. A wanke mazuban ruwa, a zuba abinci, a bi a kwashe ƙwai kafin wata ta fasa ɗaya, don in suka ɗanɗana sun koya ke nan. A juya ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa masu a ƙasa, in ya jiƙe a kwashe a buhu, masu lambu su zo su ɗauka. Da bazara kuwa ba a zama. Kaza ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, in ka yi sake kafin la'asar sai kwasar gawa. Sai in yi ta jiƙa buhuna ina ratayawa a tagogi, ina yawon neman ƙanƙara gida gida ranar da babu wuta. Bikin ƙawayena nawa aka yi ina leƙawa in aje gudummawa in juyo, ko ɗaurin kallabi ban gama nunawa ba. Akwai ranar da na shiga keke napep, na yi wanka na sa turare, wata mata ta ja gyale ta toshe hanci, ta tambayi direba ko taki ya ɗauko. Na ce mata ni ce takin, in ba ta iyawa ta sauka. Ba ta sauka ba, ba ta kuma ƙara magana ba.

Ban yi kuka da wannan ba, kada a ce na yi. Aiki ne mai ranar ƙarewa. In na gaji sai in tuna aji nawa ya rage ma Yaya. Yajin aikin malamai ya ƙara mashi lokaci, na haɗiye. Ya gama aka tura shi bautar ƙasa kudu, na haɗiye. A tsakanin nan asmar Inna ta tashi wata rana, aka kira mai allura daga unguwa, sai ga ƙawar nan tawa ta shigo da fararen kaya. Ta yi ma Inna abin da ya kamata, hannunta ko rawa ba ya yi. Da na rako ta zaure ta ce, "Ke har yanzu kina nan?" Na ce saura kaɗan, yayana na dawowa. Da ƙarfina na faɗa, don na yarda da abin da nake faɗa.

Ya dawo. Na fito da takalman robar Baba, dogayen nan da yake shiga ɗakin kaji da su, na wanke su tas, na aje mashi a ƙofar ɗakinshi da ke zaure. Washegari na gan su inda na aje su. Sati ya zagayo suna nan, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ɗaya.

"Yaya, takalman nan ba ado ba ne."

"Bari in huta mana. Jiya jiya na dawo."

Ya huta. Sai ya ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, ya ce bayan Sallah.

Sau ɗaya ya shiga ɗakin kajin. Ya tsaya a tsakiya da hankici a hanci, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce a ƙara masu haske da yamma, a ɗaga mazuban ruwa daidai bayansu, a ware waɗanda suka daina yin ƙwai. Na yi yadda ya ce, ƙwai ya ƙaru. Wannan shi ya fi ci mani rai daga baya. Ya san aikin sarai, ba rashin sani ya hana shi ba.

Kullum yana kan kwamfutarshi, ko ya sa manyan kaya ya fita. Ya yi ta tafiya tsohuwar makarantarsu, wai akwai takardar da bai karɓo ba, ni ke dafa mashi ƙwan da zai ci a mota. Wani lokacin in wuce ta zaure in ji shi yana magana da Turanci shi kaɗai, ya yi tambaya ya ba kanshi amsa. Na ɗauka tsohuwar ɗabi'ar 'yan jami'a ce. Wata rana ya ce in zaɓi ƙwai mai kyau in kai gidan wani malamin jami'a a bayan layinmu, mutum ne da ake jin maganarshi a harkar makarantu.

"Maganar makarantata ce?"

"Ke dai ki kai. Komai na da lokacinshi."

Na zauna na zaɓo manya manya, na goge kowane da tsumma, na jera a kiret na kai. Bayan kwana biyu na sake kaiwa ba tare da ya ce ba. Har kaza na taɓa kamawa na haɗa. Matar gidan, Hajiya, mace ce mai fara'a da yawan magana, ta saba da ni har tana ce mani 'yar ƙwai. Har ƙasa nake durƙusawa in gaishe ta, ni da ko dangin Baba sai an harare ni nake rusuna masu. Na fito da tsofaffin littattafaina daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe.

Ranar da na ji, da hantsi na je. Hajiya na zaune tana yankan alayyafo.

"'Yar ƙwai, ashe abin arziki ya samu. Barkanku."

"Na me, Hajiya?"

"Au, bai faɗa maku ba? Sunan yayanki ya fito. Ai ya sha wuya yaron nan. Da fari kai tsaye ya nemi digiri na biyu, suka ce ina, wanda ya karanta kiwo ba ya faɗawa fannin sasanta rikici haka kawai, sai ya fara yin wata difloma ta share fage, in ya ci sannan ya wuce. Sakamakonshi ma sai da ya yi ta sintiri kafin tsohuwar makarantar ta turo. Maigidana Alhaji ne ya tsaya mashi, ya rubuta masu cewa ya san shi. Ranar ganawa suka ce mashi, kai da ka karanta dabbobi me ya kawo ka nan? Ya ce masu ai rikicin karkara a kan dabba ake yin shi, wanda ya san saniya shi ya kamata ya shiga tsakanin mai ita da mai gona. Alhaji ya ce har babbansu sai da ya yi dariya ya gyaɗa kai."

"A ina makarantar take?"

Ta faɗi garin. Ba garin da ake zuwa a dawo a yini ba ne.

"Tun yaushe yake nema?"

"Ai tun yana bautar ƙasa suke waya da Alhaji."

Na aje kiret ɗin a hankali, don ƙwai bai yi mani laifi ba. Ta ce in tsaya in sha zoɓo. Na ce na baro famfo a buɗe.

Na same shi a zaure yana goge takalmi, nashi na fita, ba na Baba ba.

"Barka da arziki, mai sasanta rikici."

Ya ɗago. Bai yi kamar bai gane ba, wannan dai na ba shi.

"Da ma yau nake so in faɗa maki."

"Yau ɗin nan? Ka ga ikon Allah."

"Zauna mu yi magana kamar manya."

"Ba ni zama, kaji na jira. Faɗi a tsaye."

Ya aje burushin. "Ni ban taɓa son karatun nan ba. Baba ya zaɓa, ban iya ce mashi a'a ba. Shekarun nan duk ina cikin abin da ba ni so. Kin san yadda wannan yake?"

"Ina zan sani. Ni ai tun ina goye kaji nake mafarki."

"Ba haka nake nufi ba. Abokina kemistiri ya karanta, yanzu yana harkar lafiyar al'umma, ƙungiyoyi na rububinshi. Mutane na sauya fanni kullum, ba laifi ba ne. Wannan shi ake nema yanzu. In na gama na samu aiki, ba ke ba kaji, makarantar da kika nuna zan kai ki."

"Shekara nawa?"

"Diflomar ɗaya, digirin kamar biyu."

"Kamar. Ban da yajin aiki."

Ya sake ɗaukar burushin.

"Ƙwan da na yi ta kaiwa fa?"

"Ban ce maki don ke ba ne."

"Ba ka kuma hana ni ba. Kana zaune nan kana kallo ina goge su ɗaya bayan ɗaya."

Ban ƙi ya sauya fanni ba. Ko a lokacin, cikin fushin, na san mutum na iya wayar gari ya tarar hanyar da aka ɗora shi ba tashi ba ce. Ya karanta sasanta rikici, ya karanta tuƙin jirgi in ya so. Amma layi ne, kuma ni ke gaba. Ya karɓi rabonshi ya cinye, ya zagayo ya shiga gabana ya sake miƙa kwano. Kuma tun yana kudu ya san zai yi, ya bar ni ina wanke mashi takalmi.

Na shiga wurin Inna na zazzage mata komai. Ta ci gaba da tankaɗe.

"Ba a kawo mani ƙarar wancan."

"Inna, ke kika ce in ya gama ya karɓa."

"Ki rage murya, yana ji."

"Da ma ya ji nake so."

"Ke dai bakinki ya fi ki girma."

Sai na sa hijabi na nufi Ƙofar 'Yandaka wurin Baffa, ƙanin Baba, mai saida yadi. Tun rasuwar Baba shi ke yanke maganar gidanmu. Da ƙafata na je na kira shi, ina taƙama ina da shaida. Ban tsaya na tuna abin da ke faruwa in aka tambayi mace irin Inna maganar ɗanta na fari a gaban ƙanin mijinta ba.

Ya zo bayan la'asar. Aka shimfiɗa mashi darduma, aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, aka sake komawa kan gajiya, ni ina gefe kamar in fashe. Can ya ce, "To 'yar Baffa, me ya faru har kika taso ni daga shago?"

Na faɗa tun daga ranar tsintar wake har zuwa gidan Hajiya. Ya juya wurin Yaya.

"An yi haka?"

"Baffa, ita ta zo ta ce mani an ce. Muna cikin makoki, kowa zuciyarshi a karye, me zan ce? Amma ni Inna ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga sharaɗi ba."

Na ce, "Yaushe ta taɓa zaunar da kai ta ce maka ko sannu?"

"Ke, ba da ke nake ba," in ji Baffa. Ya juya wajen ɗakin Inna, tana zaune daga bakin ƙofa, labule ya rufe rabinta. "Innarsu, kin ji. Kin sa ma yaron nan sharaɗi?"

Na zuba mata ido. Kalma ɗaya nake nema. Ta ja mayafi ta kare gefen fuska.

"Ni ina ruwana da maganarshi. Ɗanku ne. Yadda kuka yanke daidai ne."

Baffa ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji abin da ya dace a ji. Haka mace mai kunya ke cewa. In ta goyi bayan ɗan fari a ce ba ta da ta ido, in ta ba da shaida a kanshi ma ta sa baki a maganarshi ke nan. Duk unguwa aka ji wannan amsar yaba mata za a yi. Alkawarin ta bakina ya shiga, ta bakina ya fita, ba wanda ya fuskanci wani ya faɗa. Na zama ni ce mai ƙara, ni ce shaida, ni ce 'yar aike, Baffa kuma ya ce ba a shari'a haka.

"Karatu ba a tare shi," ya ce. "An ba shi gurbi, in ya bari wani zai hau. Ke kuma yarinya ce, makaranta ba ta gudu. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Ilimin namiji ai na gida ne duka, ke ma za ki ci."

"Baffa, na farkon ma har yau ban ga wanda ya ci ba."

"Wannan bakin naki sai an nema mashi linzami."

Ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Na shafa don Allah.

Ana jibi zai tafi Inna ta ce in kama mata kaji biyu masu ƙiba. Na kama. Ta yini tana dambun nama, ta daka yaji, ta ƙulla komai a leda. Ranar tafiyar jakarshi na zaure, mai keke na jira a waje, ya shigo ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba. Ni ina wucewa da bokitin ruwan kaji.

Inna ta ce mani, "Ki ce ma wancan ga wannan ya riƙe a hanya. Ki ce ya kula da sallah, ya kula da abokai. Ki ce Allah ya yi mashi albarka."

"Ga ki ga shi."

"Me kika ce?"

"Na ce ga ki ga shi, Inna. Na aje aikin. Saƙon da na kai da gaske an ce ba a san da shi ba."

Mai keke ya danna hon. Yaya na durƙushe, kanshi a ƙasa. Na san Inna, na ɗauka haka zai tashi ya tafi ba a sa mashi albarka ba, kuma a lokacin haka nake so. Sai na ji muryarta ƙasa ƙasa, idonta a kan ƙullin da ke hannunta.

"Ka je. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka abin da ka je nema."

Tun da nake ban taɓa jin ta fuskance shi da magana ba. Yaya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya matso ya karɓi ƙullin daga hannunta. Maƙwabciyarmu da ta shigo yin sallama har da share hawaye. Ni abin da na gani daban ne. Ashe bakin na buɗuwa. Ashe in abu ya kai mata wuya tana iyawa. Ranar da Baffa ya zo, "e" kawai na nema daga bakinta ba a samu ba. Kunyar ta iya zama ta ga an danne ni, ba ta iya zama ta ga ya fita ba albarka ba.

Na wuce da bokitina.

Kajin ƙwai suna da wa'adi. In sun tsufa ƙwai ya ja baya, sai a saida su ga masu gashin kaji. Don kada gida ya yanke, tun da sauran watanni ake yin odar 'yan tsaki, a rene su a gefe da fitila da gawayi, kafin tsofaffin su gaji sababbin sun fara. Duk shekarun nan ni ke yin odar, ba wanda ya taɓa tuna mani lokaci ya yi. Wannan karon ban yi ba. Ban ɓoye ba, ba a dai tambaye ni ba. Sai da ƙwai ya fara raguwa Inna ta ce, "Wai yaushe 'yan tsakin za su iso?"

"Ban yi oda ba."

"Don me?"

"Ki tambayi mai digirin kaji. Yanzu ai kuna magana."

Ta daina amsa gaisuwata na wani lokaci. Baffa ya zo ya ce zan kashe gidan ubana. Na ce gidan ubana na da ɗa namiji mai ilimi, kuma ilimin na gida ne duka, a bakinshi na ji. Bai sha ruwan da aka kawo mashi ba ya tafi.

Masu gashi suka zo suka kwashe tsofaffin kajin. Abin da aka samu na damƙa ma Inna gaba ɗaya, ta fara saida man gyaɗa da kayan miya a cikin gida. Miyarmu ta rage nama, ƙannena suka daina cin ƙwai da safe, sun kuma san wadda za su harara. Na share ɗakin kajin, na wanke, na kulle, na rataya makullin a ƙusar ƙofar Yaya, daidai saman takalman Baba.

Na zauna jarrabawar shiga makarantar jinya a shekarar. Yaran da ke gefena ƙannen bayana ne, wata har tana tambayata ko ni ce mai tsaron jarrabawa. Na ga wata tambayar kemistiri, na san na taɓa saninta. Har na tuna gefen allon da malaminmu ya rubuta ta, da ranar da na tashi na amsa aka tafa mani. Amsar ce babu. Na zauna ina kallonta, abin da ke yawo a kaina awon maganin tsutsa a bokitin ruwa da lokutan rigakafi. Baffa ya yi gaskiya, makaranta ba ta gudu, tana nan inda take. Abin da zan shiga da shi ne ya zube a ɗakin kaji.

Sunana bai fito ba.

Yaya ya ci diflomar, sun ɗauke shi digiri na biyun, an ce yana ƙoƙari. Duk Juma'a yana bugo ma Inna waya, ta shige ɗaki ta amsa, gajeru gajeru, amma da bakinta. Da ya ji ban ci ba ya kira ni ban ɗauka ba, sai ya ba Inna saƙo. Ta fito ta tsaya a kaina, ina zaune da littafin kemistiri, na koma babin farko.

"Wancan ya ce a ce maki kada ki karaya. Wai mutum na iya fara sabon abu ko yaushe, shi ma ga shi ya fara."

Na ce, "Ki ce mashi makullin na nan a ƙusa."

Ta juya ta koma ɗaki. Ban san ko ta faɗa mashi ba, ban kuma tambaya ba. Na juya shafi.